Makullin Rijiyar Malam

Bayan gidanmu a Kusfa akwai wani kango da Malam, mijina, ya gada wurin mahaifinsa. Shekara da shekaru babu komai a cikinsa sai tumfafiya da awakin maƙwabta. 'Yan kasuwa sun yi ta zarya suna so ya sayar musu su yi shaguna, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ba yanzu ba. Ranar da wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta zo neman fili za ta haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ko shawara da ni bai yi ba, ya ba su kangon kyauta. Na yi masa faɗa, don ni ba na haɗiye magana. Na ce muna da 'ya'ya, kuma fanshona na koyarwa ba ya kai mu ko'ina. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce shi bai tara komai a duniya ba sai 'yan littattafai, in ya kwanta dama wannan ruwan ne zai riƙa binsa da lada. Na tashi na hura wuta.

Bai sha ruwan ba. An gama haƙa, an ɗora tanki a kan ƙarafa, an jera farantan sola, an gina ɗan ɗaki da aka sa akwatin wutar injin a ciki, sai ciwon da ya daɗe yana ɓoye mini ya kayar da shi. Ina cikin takaba aka kawo mini makullin ɗakin, aka ce tunda filin nasa ne, kuma ƙofar tana jikin katangarmu, ni ce zan riƙe. Na ɗaure shi a haɓar zanena.

A cikin takabar ne kuma ƙungiyar ta shirya horo. Suka ce ba sa so su ba da abu su tafi ya lalace, don haka unguwa ta turo mutane a koya musu kula da rijiyar da gyaranta, mako guda, a wani ɗakin taro a Gyallesu. Niyya ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ita ba ce. Sai dai su sun aiko da kiran makaranta, mu kuma muka karɓe shi a matsayin gayyata. Mu a birni, in an gayyace ka ɗaurin aure ko suna ko ta'aziyya, babban abin kunya shi ne a duba wurinka a ga babu kowa. In ba ka da hali ka tura ƙaninka ko maƙwabcinka, an ɗauka ka je. To, haka mai unguwa ya yi da horon. Ya raba ranakun gida-gida, don kowane gida ya samu girma, kada kuma wani ya rasa kasuwarsa mako guda cur. Wanda ya je Litinin ba shi ya je Talata ba. Masu horon suna ganin kujeru cike, ana cin shinkafa ana ɗaukar hoto, suka ce lallai wannan unguwa ta ba da haɗin kai. Ni ina ɗaka da carbi, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ruwa ya zo. Sama da shekara guda ina farkawa da ƙarar bokitai a bayan katanga, da hayaniyar mata suna rigimar layi. Wata mace da ta shigo wurina ta ce ko hayaniyar ba ta damuna, na ce mata ko kaɗan. Duk bokitin da ya cika, a raina na san inda ladansa ya nufa. Wani lokaci in kewar Malam ta taso mini sai in ɗauki kujera in zauna jikin katangar in yi ta saurare.

Damina ta biyu, wata ranar la'asar aka yi hadari mai tsawa, irin wadda take sa kaji su shige ƙarƙashin gado. Washegari tanki ya ƙare, bai sake cika ba. Aka wanke farantan, aka bubbuga bututu, aka yi addu'a. Shiru. Mata suka koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ni kuma bayan katangata ya yi tsit kamar ranar da aka fita da Malam.

Sai ga jami'ar ƙungiyar ta zo, wata yarinya 'yar Gyallesu mai natsuwa, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Mai unguwa ne ya rako ta har zaurenmu. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta yi bayani, Hausa tana yi tana tsarma Turanci. Ta ce aikinsu a unguwar ya kusa ƙarewa, kuma manyansu sun duba sun ga an ba da horo amma al'umma ta kasa riƙe abin. Don haka an yanke shawara a miƙa rijiyar ga wani kamfani a Kaduna. Su za su riƙe makulli, in ta lalace a buga musu waya su zo idan layi ya zo kanmu, don rijiyoyin da ke hannunsu suna da yawa. Ta ce in na ba da makullin yau, cikin makon nan za a ga ruwa.

Na tambaye ta, in ta sake lalacewa fa, bayan su sun naɗe tabarmarsu sun tafi? Ta ce kamfanin zai zo. Na ce yaushe? Ta sunkuyar da kai, don yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Na san irin wannan zuwan. Makarantar da na koyar an taɓa kawo mana na'urori masu kyau, suka lalace ɗaya bayan ɗaya muna jiran mai gyara daga nesa, har na yi ritaya suna lulluɓe da zane a ofishin hedimasta.

«Mama, ki yi haƙuri, ba ni na tsara ba,» in ji ta.

«Na sani, 'yata. Amma ki gaya wa waɗanda suka tsara, ladan mijina ba zai tsaya a layi yana jiran mota daga Kaduna ba. Makulli yana nan, ba zan bayar ba.»

Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce Malama a bi a hankali, mutanen nan alheri suka yi mana, kada a ce mun butulce. Na ce ranka ya daɗe, na gode musu har ga Allah, amma kyautar da ba ka iya gyarawa aro ce, ranar da ta tsaya mai ita ya karɓe abinsa. Kalmar da ta fi ƙona mini rai ita ce wai mun kasa. Birnin da mutane ke haddace littafi tun daga bango har bango, a ce sun kasa riƙe famfo? Na ce a ba ni lokaci in ji abin da aka koya wa mutanenmu tukuna.

Da na bincika na gano yadda aka raba ranakun, sai da na zauna. Na yi dariya, na yi tsaki, na sake yin dariya. Sannan na tuna yadda ake saukar Alƙur'ani a gidan rasuwa: a raba izu-izu, kowa ya karanta nasa, a haɗa ya zama sauka guda. Na ce to, tunda haka muka yi karatun, haka za mu haɗa shi. Na aika a kira mini duk wanda ya taka ɗakin taron nan, na shimfiɗa tabarmi a zaure, na dama kunu.

Suka zo. Ƙanin Malam, mai sayar da goro, shi ya je ranar farko, kuma abin da ya riƙe shi ne yadda ake wanke farantai ba tare da an karce su ba, da cewa naman ranar ya yi tauri. Maƙwabciyata mai kunun sayarwa, wadda ta je a madadin mijinta, ta san yadda ake wanke tanki da yadda wata 'yar roba a cikinsa take tsayar da injin in ya cika. Ta yi bayani tiryan-tiryan har na ji daɗi. Wani dattijo ya ce shi dai ya je, an yi magana a kan tsafta, ya ɗan yi gyangyaɗi. Sai telan bakin lungu, wanda ya je ranar Laraba. Shi aka nuna wa akwatin wutar da ke cikin ɗakin, aka gaya masa sunayen abubuwan da ke jikinsa daga waje. Na ce to me ya hana ka buɗe shi tun ranar da ruwa ya tsaya? Ya zaro ido ya ce ai an hana. Injiniyan da ya ba su horon da bakinsa ya ce kada kowa ya kuskura ya taɓa akwatin nan sai gobe, in an koya musu yadda ake kashe wutar da gwada ta. Shi kuwa goben ba tasa ba ce. Sama da shekara yana riƙe da wannan umarni kamar wasiyya, duk wanda ya nufi akwatin sai ya ce masa an ce kada a taɓa.

Na ce to wa ya je ranar Alhamis? Kowa ya kalli tabarma. Ƙanin Malam ne ya daure ya ce, «Malama, ai Alhamis ɗin ita ce addu'ar arba'in ta Yaya.»

Ashe babu ɗan unguwa ko ɗaya da ya yarda ya bar addu'ar Malam ya tafi Gyallesu. Don kada kuma baƙi su ga kujeru wayam su ji kunya, sai mai unguwa ya roƙi wasu 'yan'uwanmu da suka zo daga ƙauye su je su cika wurin. Suka je, suka zauna da ladabi, suka ci shinkafa, da yamma suka hau mota suka koma gonakinsu da karatun akwatin wuta, in ma sun ji shi. Ranar da unguwa ta fi bukata ita ce ranar da ta bayar don girmama mijina. Na shiga ɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito. Ban ji haushin kowa ba a lokacin, amma na ƙudura a raina cewa Alhamis ɗin nan sai an maimaita ta.

Na aika wa jami'ar cewa ba mu kasa ba, rana ɗaya ce ta ɓace mana, a dawo da injiniyan ya koya mana ita a nan zauren, gaban akwatin. Ta zo da kanta ta ce babin horo an rufe shi, a wurin manyansu an riga an yi an gama, har da hotuna. Abin da ya rage a tsarin shi ne bikin miƙa aiki, da rumfa da kujeru da allon da za a kafa mai ɗauke da sunan ƙungiya. Na ce su riƙe rumfarsu, mu a ba mu Alhamis. Na ce mata laifinmu ne da muka aika wakilai, ban musa ba, amma su ma da suka ga sabuwar fuska kullum ba su tambaya ba, don kawuna suke ƙirgawa. Malamin da bai san fuskar ɗalibinsa ba, ta yaya zai ce ɗalibin ya faɗi? Ta ce za ta kai maganar, amma ba ta yi mini alkawari ba.

Nan fa na sha baƙin jini. Makonni suka wuce babu ruwa, kowa kuma ya san cewa in na saki makulli kamfani zai zo ya gyara. Matan da da suke gaishe ni ta kan katanga suka koma wucewa da bokiti suna magana da ƙarfi don in ji: wai tsohuwa ta riƙe makulli kamar gadon ubanta, wai boko ne ya hau mata kai. Wata mai jego da ke bayanmu na gan ta tana jan jarka daga wani lungu mai nisa, jaririnta a baya, ta kalle ni ta wuce. Wannan kallon ya fi zagin ciwo. Na aika mata da ruwan da na saya, ta karɓa, amma na san ba ta huce ba, kuma tana da gaskiya. Mai unguwa ya sake zuwa, liman ya aiko, har ƙanin Malam ya ce Yaya da yana nan da ya bayar. Na ce wataƙila, shi mai sanyin hali ne, shi ya sa Allah ya haɗa shi da ni. Ba wanda zai fasa kwaɗon da ke jikin katangar matar mamaci a birnin nan, na san haka, kuma a kansa na jingina. Amma ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da na kwance makullin daga zanena na riƙe shi a hannu har rana ta take, ina tunanin ko taurin kaina ne yake tsare wa Malam ladan da nake cewa ina karewa. Na mayar da shi na ɗaure.

Yarinyar nan ta yi abin da ban zata ba. Ta yi ta kai kawo tsakaninmu da manyanta har suka gaji da ita, suka soke rumfa da allo, suka ce a dawo da injiniyan. Ta zo ta gaya mini tana dariya, ta ce a ofis yanzu ana kirana rigimammiyar Kusfa. Na ce sunan ya yi mini, a ci gaba.

A wannan karon ni na tsara. Na zaɓi tela, da mai kunu, da ƙanin Malam, da ni kaina, na ce duk wanda ya zauna ranar farko shi zai zauna har a tashi. Safiyar da za a fara sai ga wani mutum da babbar riga, ya ce mai unguwa ne ya turo shi ya wakilce shi. Na gaishe shi da kyau, na ba shi kunu ya sha, na ce ya koma ya gaya wa mai unguwa mun gode, amma nan ba ɗaurin aure ake ba, zuwa da kai ya fi aike. Ƙanin Malam ma da azahar ya fara mutsu-mutsu, wai zai leƙa kasuwa ɗansa ya zauna masa. Na ce in ka fita kada ka dawo. Ya zauna yana gunaguni, ya ce tun ina amarya ya san za a rina.

Injiniyan mutumin kirki ne, mai haƙuri. Yana shiga ɗakin ya miƙa hannu zai buɗe akwatin, na ce Malam injiniya, don Allah sa hannunka a aljihu, da baki za ka yi aikin nan. Ya dube ni, ya dubi jami'ar, ya yi dariya ya sa. Ya gaya mana abin da ake fara kashewa don wutar farantai ta yanke, da yadda ake gwadawa da 'yar mita a tabbatar babu wuta kafin a kai hannu. Ya sa kowannenmu ya yi, ya sake yi, har da ni da tabarauna. Tela kuwa sai da aka yi da gaske kafin ya yarda ya taɓa, yana ta cewa shi fa an taɓa hana shi. Injiniyan ya ce ai shi ne ya hana, yanzu kuma ya janye.

Mai kunu ce ta gano ɓarnar. Ta zaro wani ɗan abu da bai fi ɗan yatsana ba, ya yi baƙi. Injiniyan ya ce fiyus ne, aikinsa ke nan ya ƙone don ya kare injin in tsawa ta faɗi, kuma ana sayar da irinsa a Sabon Gari. Akwai ma sabo guda a cikin wata leda da aka manna a bayan murfin tun ranar da aka kafa akwatin. Na tsaya ina kallon ledar nan. Duk wahalar mai jego, duk zagin da na sha, ga maganin yana rataye taku kaɗan daga inda nake kwana. Mai kunu ta sa sabon, ta rufe, ta kunna. Muka ji ruwa yana hawa bututu yana faɗawa cikin tanki, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Injiniyan ya ƙara mana kwanaki, ya bi da mu ta kan duk abin da aka raba gida-gida a baya, har kowa ya san karatun daga farko zuwa ƙarshe. Ya kuma gaya mana gaskiya cewa akwai gyaran da ya fi ƙarfinmu, in injin da ke can ƙasan rijiya ya mutu sai an kira masu kayan aiki. Na ce mun yarda, amma mu za mu kira su, mu buɗe musu ƙofa, mu tsaya a kansu. Ƙungiyar ta tafi ba a yi biki ba. Har yau babu allo a wurin. Makullin kuwa na kai an yanka mini irinsa, na ba tela ɗaya, na ba mai kunu ɗaya, na ce kowannensu ya koya wa wani a gidansa, kuma ba da aike ba.

Daminar bana aka sake yin tsawa. Da safe na kasa kunne ban ji bokitai ba. Kafin in idar da lazimi in nemo tabarau da mayafi in zagaya, ƙafar nan tawa ba ta sauri yanzu, sai na tarar da ƙofar ɗakin a rufe, famfo yana zuba, mai kunu har ta koma kan tukunyarta. Ko a kira ni. Na tsaya da makullina a hannu, ina shirin in ji haushi.

Wata tsohuwa ce a bakin famfon, daga gani daga ƙauye ta shigo da kayan miya, ba ta san ni ba. Ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta cika 'yar gorarta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, «Baiwar Allah, ko wane ne ya ba da wurin nan, Allah ya kai haske kabarinsa.»

Na ce amin. Na taya ta ɗora kayanta a ka, na koma gida na jawo kujerata jikin katanga.